Daga Ƙofar Asibiti Ake Fara Ciniki

Mai Sunan Malam,

Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka da jikokina biyu. Mu nan Houston lafiya lau, zafi ya fara sauka. Hajiya tana gaishe ku da kyau.

Da gangan na zaɓi rubutu a kan kira. Duk sanda na kira ka kana bisa hanya, inji yana ruri, kana ta "to Kawu, to Kawu." Ni kuwa na yi shekara 27 ina tuƙin tasi, na san "to" ɗin direba ba ya wuce gidan mai na gaba. Maganar nan ta zama ce. In ka yada zango, ka yi sallah, ka ci abinci, sai ka buɗe ta ka karanta a tsanake, ko da sau biyu ne.

Kafin in ja kunnenka, bari in faɗi abin da na sani game da kai. Shekara shida kana tsaye a masana'antar nama, cikin sanyi, wuƙa a hannu, ba a taɓa jin kukanka ba. Ka tara, ka yi lasin babbar mota, ka yi wa kamfani tuƙi, ƙarshen bara kuma ka sayi taka ta kanka. Ba a taɓa ganin wata ya mutu mahaifiyarka ba ta ga saƙonka a Maraɗi ba. Ita da bakinta take gaya mini, tana sa maka albarka. Don haka na san da wanda nake magana: mutumin kirki ne da ya yi sakaci a wuri guda, sai dai wurin ba ƙarami ba ne.

A watan azumin da ya wuce, da sugan mai ɗakinka ya hau har ta yanke jiki ta faɗi, maƙwabta ne suka kai ta asibitin garinku, kai kana can Kansas da lodi. Alhamdu lillahi ta tashi. Aka ce ta riƙa ganin likitan suga a Amarillo, mil kusan 50 daga Dumas. Ta je sau biyu. Daga nan takardun kuɗi suka fara sallama, ta asibiti daban, ta likita daban, ta ɗakin gwajin jini daban. Kamfanin inshorarku ya ce kuɗin asibitin bai kai inda za su fara sa hannu ba, likitan Amarillo kuma ba ya cikin mutanensu, ko sisi ba za su biya shi ba. Sai ta daina zuwa. Tsinken awon suga da aka ce ta yi amfani da shi sau uku a rana, ta mayar da shi sau ɗaya bayan kwana biyu, don kada ta ƙara maka nauyi.

Ba ƙararka ta kawo ba. Hajiya ce ta ji muryarta ta canja, ta yi ta bugun cikinta har ta faɗa, tana faɗa tana kare ka. Kada in ji ka ce mata uffan a kan haka. Macen da za ta rage wa kanta magani don ta rufa wa mijinta asiri, godiya ake yi mata.

Da na tambaye ka, ka tuna amsar da ka ba ni? Ka ce, "Kawu, ai inshora muna da ita, kyauta ma na samu, ko dala ɗaya ba na biya." Na ce yaya aka yi ka zaɓa? Ka ce wata talla ka taɓa a waya kana shan mai, wani ya kira ka, cikin minti goma an gama. A nan ne raina ya sosu. Na tuna lokacin da za ka sayi motar nan. Sati uku ka yi kana yawo. Ka ɗauki bakanike ka biya shi, ya shiga ƙarƙashinta, ya saurari inji, ya duba tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ka kira ni sau huɗu muna lissafi. Motar da za ta ɗauki naman shanu ka ba ta sati uku, takardar da za ta ɗauki iyalinka ranar da suka faɗi ka ba ta minti goma. Wannan shi ne laifinka, kuma ban ga wani bayan shi ba.

Abin da ya sa nake jin zafin abin, ni na sha irinsa. Na shigo ƙasar nan a 1993. Shekara goma sha uku ina yawo babu inshora, ina cewa lafiyata ƙalau. A 2006 ƙirjina ya riƙe ina tsakiyar aiki, aka buɗe mini hanyar jini a zuciya. Kwana uku na yi a gado, shekara bakwai na yi ina biya. Sai da aka zagaya da faranti a masallaci saboda ni, ina zaune a sahu kaina a ƙasa. Ginin da na fara a gida ya tsaya a linta, damina ta yi ta dukansa. Da na warke na je sayen inshora, wani kamfani ya dubi takarduna ya ce ba sa ɗaukar mai ciwon zuciya. A wancan zamani doka ta yarje musu.

Ku kun zo a sa'a. Ranar 23 ga Maris 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da mutane ke kira Obamacare, kuma tun daga Janairun 2014 babu kamfanin da ya isa ya ƙi mai ɗakinka saboda suga, ko ya ƙara mata kuɗi saboda shi. Duk tsarin da ake sayarwa a kasuwar gwamnati, wato HealthCare.gov, dole ya ƙunshi kwanciya asibiti, da haihuwa, da magunguna, da gwaje-gwaje, da taimakon gaggawa. Ƙofar da aka rufe mini a fuska, kai a buɗe ka same ta. Abin da ya rage maka kawai ka duba inda kake sa ƙafa.

To, ga abin da nake so ka riƙe ko da ka manta sauran. Mutumin birni yana iya fara cinikin inshora daga farashi, ya tsira. Mutumin karkara daga ƙofar asibiti yake farawa, sannan ya dawo kan farashi. Ni nan Houston, in kamfani ya ce ba ya hulɗa da wannan likita, akwai wasu goma a titi ɗaya, ga unguwar asibitoci guda da ake zuwa daga ko'ina a duniya. Ku can fa? Asibiti ɗaya ne a kusa, likitocin ana ƙirga su da yatsu, ƙwararru kuma sai Amarillo, wani ciwon ma sai Lubbock, ƙarin mil 120. In likita ɗaya ya fita daga jerin kamfaninka, wanda zai maye gurbinsa yana iya kasancewa tafiyar awa biyu, a hanyar da ƙanƙara kan rufe da hunturu, ga mace da yara biyu, miji yana wata jiha. Teksas tana da gundumomi 254, kuma kamfanoni da tsare-tsarensu da farashinsu suna bin inda mutum yake zaune ne. Shi ya sa shawarar abokinka na Dallas ba za ta yi maka aiki ba, ko da da zuciya ɗaya ya ba ka. Abin da yake saye a can wataƙila ba a ma kawo shi kasuwarku.

Saboda haka, kafin ka taɓa waya ko kwamfuta, ka ɗauki biro da takarda, ka zauna da mai ɗakinka. Ku rubuta sunan asibitin garinku, da likitan da kuke gani yau da kullum, da likitan sugan nan na Amarillo, da asibitin da za a kwantar da mutum in abu ya yi tsanani, da kemis ɗin da kuke karɓar magani. Ku ɗauko kwalaben maganinta ku kwafi sunan kowanne da ƙarfinsa, har da tsinken awo. Wannan takarda ita ce ma'auninka. Duk tsarin da bai cika ta ba, ko kyauta ne ya yi tsada.

Shafin gwamnati yana ba ka damar shigar da sunayen likitoci da magunguna, ya nuna maka tsarin da ya ƙunshe su. Ka yi haka, amma kada ka tsaya nan, domin jerin sunayen nan yakan tsufa, likita ya bar gari ko ya bar kamfani sunansa yana nan. Ka kira ofishin kowane likita da bakinka. Kada ka ce, "Kuna karɓar kamfani kaza?" Za su ce maka e, alhali kamfani ɗaya yana da tsare-tsare da yawa, suna karɓar wanda ake ba ma'aikata, ba sa karɓar na kasuwa. Ka karanta musu cikakken sunan tsarin, ka ce na kasuwar gwamnati ne, na shekara mai zuwa, sannan ka tambaya ko suna ɗaukar sababbin marasa lafiya. Ka rubuta ranar da ka kira da amsar da aka ba ka. Matambayi ba ya ɓata.

Za ka ga wasu haruffa kusa da sunan kowane tsari. Mai HMO yana ɗaure ka da likita guda, shi zai rubuta maka takardar turawa kafin ka ga ƙwararre, kuma in ka fita daga jerinsu kai za ka biya duka. Mai EPO galibi ba ya neman takardar turawa, amma shi ma ba ya biyan na waje. PPO ne ke biyan wani kaso a waje, shi kuwa ya yi ƙaranci a kasuwar Teksas. Irin na farkon ne aka sa ka a ciki ba ka sani ba. HMO ba abin gudu ba ne in mutanenka suna cikinsa. Abin gudu shi ne shiga ɗaki ba ka san inda ƙofarsa take ba.

Na san abin da za ka tambaya: kai da kake kwana a Oklahoma yau, gobe Colorado, in wani abu ya same ka a hanya fa, Allah Ya kiyaye? A nan doka tana bayanka. Tun 1986 aka wajabta wa sashen gaggawa na asibitoci su duba duk wanda aka kawo, su ceto ransa kafin maganar kuɗi. Daga 1 ga Janairun 2022 kuma wata doka ta hana a caje ka kuɗin baƙo a kan taimakon gaggawa, ko da asibitin ba ya cikin jerin kamfaninka, har da jirgi mai saukar ungulu da ke ɗaukar majinyaci, wanda ku mutanen karkara kuka fi kowa bukata. Amma kariyar ta gaggawa ce. Da zarar an sallame ka, komawa a duba rauni, da gashin ƙashi, da ganin ƙwararre, duk sai ka dawo cikin jerinka. Ka kuma duba ko tsarin yana da ganin likita ta bidiyo, domin ga direba da matar da ke nesa da birni wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai bayan ka tace, ka rage tsari biyu ko uku da suka cika takardarka, sannan za ka zo kan kuɗi. Kuɗin nan kuwa ƙafa huɗu gare shi, kai ƙafa ɗaya ka duba. Akwai kuɗin wata, wanda kake biya ko ka je asibiti ko ba ka je ba. Akwai didaktabul, wato abin da sai ya fita daga aljihunka tukuna kafin kamfani ya fara sa hannu a manyan abubuwa. Naka dala 7,500 ne ga mutum ɗaya, na gani a takardar da ka turo mini. Akwai kuɗin ƙofa da kason da ake raba muku a kowane zuwa da kowane magani. Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne iyakar aljihu, wato inda asararka za ta tsaya a shekara, daga nan kamfani ya ɗauki sauran gaba ɗaya. A 2025 doka ta ce iyakar nan kada ta wuce dala 9,200 ga mutum ɗaya, 18,400 ga iyali. A 2026 ta hau zuwa 10,600 da 21,200. Ka lura, abin da ka biya likitan da ba ya cikin jeri ba ya shiga wannan lissafi. Kuɗin Amarillon nan da kuka biya, ruwa kuka zuba a rairayi.

An kasa tsare-tsaren aji huɗu. Ajin tagulla yana ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗin jinyar jama'ar da ke cikinsa, azurfa 70, zinariya 80, filatinam 90. Ba ingancin likita ake nufi ba, rabon kuɗi ne kawai. Kai tagulla ka ɗauka. Tagulla tana da ranarta, ga saurayi mai lafiya wanda ya ajiye dala dubu tara a banki yana jiran tsautsayi. Gidan da ake shan maganin suga kullum ba gidanta ba ne.

Ga inda abin ya fi ba ni takaici. Akwai wani rangwame da ba a samun sa sai a ajin azurfa kaɗai. Ana auna shi da layin talauci na gwamnatin tarayya, wanda a 2025 yake dala 32,150 ga gida mai mutum huɗu. Wanda samunsa bai wuce kashi 150 na wannan layi ba, azurfarsa takan koma ɗaukar kashi 94. Daga 150 zuwa 200, kashi 87. Daga 200 zuwa 250, kashi 73. Ka ce mini bayan ka cire mai da gyara da taya da inshorar mota, abin da ke rage maka a shekara wajen dala 60,000 ne. Ka ga kana cikin 'yan kashi 87 ke nan, azurfar da ta fi zinariya. Ga irinku, iyakar aljihu a 2025 ba ta wuce dala 3,050 ga mutum ɗaya. Da na gwada lissafin gidanka na 2025, kuɗin watan bai kai dala 100 ba. Mu ce 90. Sau goma sha biyu, 1,080. Haɗa da 3,050, ya zama 4,130, a shekarar da ta fi kowace muni. Kai kuwa da ka ɗauki ta kyauta, shekara irin wannan tana iya cin 9,200. Ka guje wa dala casa'in, ka buɗe wa dubu biyar ƙofa. Rangwamen nan haƙƙinka ne, ka bar shi a kan tebur ka tashi. Araha ba ta ado, Mai Sunan Malam.

Haka nake so ka riƙa yi wa kowane tsari: kuɗin wata sau goma sha biyu, a haɗa da iyakar aljihu. Wannan shi ne farashinsa na gaskiya a mugunyar shekara. Kowane tsari kuma yana da wata gajeriyar takardar bayani da doka ta tilasta a yi ta iri ɗaya, a ƙarshenta akwai misalai uku: mace mai haihuwa, mai ciwon suga, da wanda ya karye. Ka buɗe misalin mai suga a tsari biyu ka jera su, za ka ga gidanka a ciki. In maganinta ya kai ga allurar insulin, dokar Teksas ta taƙaita abin da za ku biya a dala 25 na wata guda a irin wannan inshora, kada kowa ya karɓi fiye da haka a hannunku. In kuma Allah Ya buɗa samunka ya haura kashi 200, ka leƙa zinariya, domin a Teksas sau da yawa takan zo daidai da azurfa ko ma ƙasa da ita.

Bana sai ka ƙara buɗe ido. Ƙarin tallafin gwamnati kan kuɗin wata da aka kawo a 2021, aka tsawaita a 2022, wa'adinsa ƙarshen 2025 ne. In babu shi, azurfar da ta kasance ƙasa da dala 100 tana iya kusantar 300 a wata ga mai samu irin naka. Na san in ka ga haka zuciyarka za ta ce ka koma tagulla. Kafin ka bi ta, ka sake yin lissafin nan na mugunyar shekara, ka tuna cewa a gidanka magani da awo da ganin likita ba tsautsayi ba ne, abin kowane wata ne. Kada kuma ka yi shiru ka bari su sabunta maka na bara da kansu. Tallafin ana ƙirga shi ne daga farashin azurfa ta biyu a araha a yankinku, kuma wannan yana motsi duk shekara, balle a gundumar da kamfanoni ba su da yawa, inda shigowar ɗaya ko fitarsa kan juya komai.

Sai maganar abin da za ka rubuta a matsayin samunka. A nan gaskiya ce kaɗai mafita, domin rami ne hagu da dama. Abin da ake tambaya shi ne ribar da ta rage bayan kashe-kashen mota, ta shekara mai zuwa. In ka rage don tallafi ya yi yawa, lokacin haraji za su turo maka takarda mai lamba 1095-A, a daidaita ta da 8962, duk abin da ka ci fiye da rabonka ka mayar. Da akwai iyakar abin da ake mayarwa, amma daga shekarar haraji ta 2026 an cire ta. In kuma mai cika maka takardun haraji ya yi ta zaftarewa har samunka ya faɗi ƙasa da layin talauci, ka fita daga tallafin ke nan gaba ɗaya, kuma Teksas tana cikin jihohi goma da ba su faɗaɗa Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ba, babu abin da zai tare ka a ƙasa. Ka faɗi abin da kake tsammani tsakaninka da Allah. In lodi ya yi yawa ko kasuwa ta mutu a tsakiyar shekara, ka shiga ka gyara. Sunan yaran ma ka sa a takardar, domin da irin samunka mai yiwuwa a tura su shirin CHIP na yara, wanda kuɗinsa kaɗan ne.

Dillalai kuma, ban ce duka mugaye ba ne. Akwai masu lasisi masu amana, kuma kamfani ne ke biyan su la'ada, ba kai ba. Amma wanda ya kira ka ba ka neme shi ba, yana gaggawa, yana cewa kyauta ne, yana neman lambarka ta Social Security kafin ya tambayi sunan likitanka, ka ce masa sai an jima. Dillalin kirki da takardar nan taka zai fara. Ka kiyayi kuma abubuwan da ake tallatawa masu kama da inshora: na gajeren lokaci, da masu biyan dala kaza a kowane kwanan asibiti, da ƙungiyoyin karo-karo da ke cewa za su raba kuɗin jinya. Waɗannan dokar nan ba ta ɗaure su ba. Suna iya cewa suga tsohon ciwo ne, ba ruwansu. A shafin gwamnati akwai wurin neman masu taimako na kusa da kai waɗanda ba sa karɓar ko sisi, kuma in ka kira layinsu kana iya neman tafinta.

Kasuwa tana buɗewa ranar 1 ga Nuwamba. Ka gama kafin 15 ga Disamba don sabon tsari ya fara aiki ranar 1 ga Janairu. In ta watse, sai mai uzuri kamar haihuwa ko aure ko ƙaura ko rasa wata inshorar, shi ma kwana 60 ake ba shi. Ciwo ba ya cikin uzuran. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan ka zaɓa, ka biya kuɗin watan farko, domin in ba ka biya ba katin nan kwali ne kawai. Ka sa banki ya riƙa cirewa da kansa, kada wata ya wuce ka kana kan hanya.

Takardun da suka riga suka taru kuma kada ka tura su ƙarƙashin kujerar mota. Ka je ofishin kuɗi na asibitin, ka nemi a rubuta maka abin da aka yi ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi takardar neman sassauci, ka roƙi a raba maka biya wata-wata. Asibitocin da ba na neman riba ba doka ta wajabta musu su kasance da tsarin sassauci. Ba bara ba ce. Wanda ya je da ƙafarsa ana sauraron sa fiye da wanda aka aika wa masu karɓar bashi.

Kai ma ban manta da kai ba. Katin lafiyar direba shekara biyu ake ba mai lafiya. Kai bara shekara ɗaya aka ba ka, saboda jininka ya hau, ka ce gajiya ce. In ya ƙara hawa, wata uku za su ba ka, in ya wuce haka su ajiye ka. Motar da ka yi shekaru kana tara kuɗinta za ta zauna a fili, bashinta yana tafiya. Awon jini da awon suga da duba lafiyar shekara kyauta ne a wurin likitan da ke cikin jerinka, ko a tagullar da kake riƙe da ita yanzu. Kakanka Malam, wanda kake ɗauke da sunansa, hawan jini ne ya kwantar da shi shekara huɗu, a garin da babu mai auna shi. Kai kana da mai aunawa a bakin ƙofa.

Ka taɓa ce mini, "Kawu, lafiya ai ta Allah ce." Gaskiya ka faɗa, babu mai musun wannan. Na kuma san malamai sun yi saɓani a kan inshora, da yawansu sun yi sassauci a kan ta lafiya saboda larura a ƙasa irin wannan, inda kwana uku a gado ke cinye gumin shekara bakwai. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tambayi malamin da ka yarda da shi. Amma ni abin da aka koya mana a zauren Malam shi ne, tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Kai ma kullum da asuba kana zagaya motarka kana duba birki kafin ka ce bismillah ka tayar. Ba rashin imani ne ya sa ka ba. Yarinyar nan iyayenta sun ɗauko ta daga Tasawa sun damƙa maka, ta bar kowa nata, tana zaune a garin da ba ta da uwa ba ta da uba sai kai. Ci da sha da sutura kana yi, na shaida. Maganinta ma yana cikin amanar.

Ga abin da nake so. Asabar ta farko bayan kasuwa ta buɗe, kada ka karɓi lodi. Na san kwana ɗaya kuɗi ne, amma ka ba iyalinka shi. Ku rubuta takardar nan tun daren Juma'a. Bayan azahar ka kira ni ta bidiyo, kai da ita a zaune, ba kai kaɗai ba, domin ita ce za ta riƙe katin ta shiga asibiti ranar da kake nesa, ya kamata ta san abin da ke cikinsa. Ƙanwarka da ke aikin jinya a nan za ta zauna kusa da ni, mu bi tsare-tsaren ɗaya bayan ɗaya. Ran Litinin ka kira ofisoshin likitocin. Sai mun ji amsarsu za mu danna.

Amma abu ɗaya ba zai jira Nuwamba ba. Hajiya ta sa kwalin tsinken awo a cikin saƙon da ta aiko, da ɗan yaji da kuka. Ka gaya wa mai ɗakinka da bakinka, cikin taushi, cewa ta koma awo sau uku kamar yadda aka ce, kuma ka nemi likitan da ke cikin jerinku na yanzu ya gan ta cikin satin nan. Daga bakinka take jiran ta ji cewa lafiyarta ba nauyi ba ce a gare ka.

In na tsananta a wani wuri, ka yi haƙuri. Da ban ɗauke ka ɗa ba, da na yi shiru na bar ka da takardunka. Allah Ya tsare hanya, Ya ba mai ɗakinka lafiya mai ɗorewa, Ya raya mana yaran nan, Ya sa albarka a motar. Ka shafa mini kansu.

Ina jiran kiranka ran Asabar.

Kawunka.